Maki Shida na Mama

Jama'a, yau ba ni da doguwar gaisuwa, raina a ɓace yake. Ku zauna kawai ku ji abin da namiji mai hankali, mai ilimi, zai iya jawo wa yarinya saura kwana uku a zo neman aurenta.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Shamsiya, shekarata ashirin da uku, auta a gidan Malam Ma'azu mai koyar da lissafi a nan Tawa. Da safe ina sayar da magani a wani farmasi, da yamma ina buga baske, wato ƙwallon kwando, a ƙungiyar mata ta garinmu. Lamba tara ce a bayana. Ba na son yabon kai, amma bana a wasan ƙarshe ni kaɗai na jefa maki talatin da ɗaya, kuma duk wanda ya zo kallo ya gani da idonsa.

Wanda nake so sunansa Almoustapha. Dogo ne, mai wushirya, da wata murya mai sanyi da in yana magana sai ka manta abin da ka zo faɗa. Yana gabatar da shirin wasanni duk Laraba a wata ƙaramar radiyo ta cikin gari. Ranar Asabar ɗin nan aka sa manyansa za su zo gidanmu, kuma da ƙyar aka samu ranar, domin kawunsa Alhaji Baƙo, wanda ya riƙe shi tun rasuwar babansa, ɗan kasuwa ne mai bin hanyar Agadas. In ya ɗaga, sai bayan wata huɗu ake sake ganinsa.

Ranar Talata ina farmasi saƙonsa ya shigo.

"Gobe ƙarfe huɗu ki kunna radiyo. Na haɗa miki wani abu."

"Mene ne?"

"Ki kunna dai, Shamsina. Ba za ki manta da shi ba."

Gaskiya ya faɗa, ban manta ba. Ni a wautata na ɗauka waƙa zai sa mini, ya ce gaisuwa ga wata ta musamman. Har da neman izinin tashi da wuri na yi.

Laraba da la'asar muna tsakar gida ƙarƙashin bishiyar bedi. Yayata Nafisa ta zo daga gidan mijinta tana soya dubulan na baƙin Asabar. Mama, Hajiya Kadidiya, tana kan tabarma da tabarau a hancinta tana tsince shinkafa, ta ɗaura atamfarta mai ruwan goro. Ungozoma ce a asibitin haihuwa, rabin yaran unguwarmu a hannunta suka faɗo, ko'ina ta bi durƙusa mata ake yi. Na ɗauko radiyon Baba na ajiye a kan turmi, na ƙara murya, ina ta murmushi ni kaɗai.

Sai ga muryarsa.

"Masu saurare, yau tambayarmu guda ce. A basken mata na garin Tawa, hannu biyu ne ba a ga irinsu ba. Ta farko Kadi Bahaguwa, 'yar makarantar lise, shekarar casa'in da biyu. Ta biyu Shamsiya mai lamba tara, ta bana. Abin da da yawanku ba ku sani ba, uwa ce da ɗiyarta. To wa ta fi jefawa, lokacin da kowacce take kan ganiyarta?"

Matsamin da ke hannun Nafisa ya faɗa cikin mai. Ni kuwa na ji kamar an watsa mini ruwan randa.

Na san Mama ta taɓa buga ƙwallo tana ƙarama, amma ba ta maganarsa. Ko wasana ba ta zuwa kallo. In na dawo sai ta ce, "Kun ci?" In ce e. Ta ce, "Tai ki yi wanka." Shi ke nan. Yanzu ga wanda zai zama surukinta yana kiran ta Kadi Bahaguwa, gari duk yana ji.

Bai tsaya nan ba. Ya ce Kadi gajeruwa ce, amma tana kutsawa tsakanin dogaye har ƙarƙashin kwando ta jefa da hagu, a filin siminti mai tsagewa, da takalmin roba. Ya ce Shamsiya kuma daga nesa take harbi, ba ta jiran a matso ta, jifan maki uku kamar wasa. Kadi ta jefa ashirin da takwas a wasan ƙarshe da 'yan Ƙonni, Shamsiya ta jefa talatin da ɗaya. Daga nan ya buɗe waya. Wani tsoho ya kira daga Kalfu ya ce shi ya ga Kadi da idonsa, yaran yanzu ba su da komai sai takalma masu tsada. Wata yarinya ta ce ai mutanen da ba su iya tsare mutum ba, ko ita za ta jefa ashirin da takwas. Wani ma ya ce bai san baske ba, amma Hajiya ce ta karɓi haihuwar 'ya'yansa huɗu, don haka ita ya zaɓa.

A ƙarshe gogan naku ya gyara murya. "Da dukkan girmamawa ga Hajiya, talatin da ɗaya ya fi ashirin da takwas. Ni na ba ɗiya."

Na kashe radiyon. Mama ta daina tsintar shinkafa, ta ƙura wa faranti ido. Na rarrafa na durƙusa gabanta, hawaye ya cika mini ido.

"Mama, don Allah ki yi haƙuri. Wallahi ban san zai kira sunanki ba. Na san girmanki a garin nan..."

"Talatin da huɗu."

"Na'am?"

Ta cire tabarau. "Talatin da huɗu nij jefa. Wa yab ba shi ashirin da takwas?"

Na dubi Nafisa, Nafisa ta dube ni. Jama'a, ni ina nan ina kukan an zubar mata da mutunci, ashe ita maki shida take nema.

Muna cikin haka Baba ya shigo yana tura babur ɗinsa. Ashe a makaranta ya ji shirin, malamai duk sun taru a kansa. Dariya yake har yana tari.

"Ranan nan ina wurin," in ji shi. "Bisa katanga muke, ni da abokaina."

Na yi wuf na ce, "Alhamdu lillahi. To Baba, nawa ta jefa?"

Ya shafa gemu ya saci kallon Mama. "Ɗiyata, ni ranan nan ba ƙwallo nika kallo ba."

Malamin lissafi fa! Shekara talatin yana koya wa 'ya'yan mutane ƙidaya.

Mama ba ta yi dariya ba. Ta miƙe ta kaɗe zanenta. "Asabar ba mai taka mini gida sai yaron ga ya koma cikin radiyo ya maido mini makina shida."

"Mama, shirin fa sai wata Laraba!"

"To a ɗaga Asabar."

Ta shige ɗaka. Baba ya ɗauki buta ya ce shi ba ya shiga tsakanin 'yan wasa.

Na shiga ɗakina na ɗauki waya. Kafin in rubuta komai, nasa saƙon ya riga ya shigo, har da zuciyoyi uku.

"Kin ji? Waya ba ta huta ba! Mai gidanmu na radiyo ya ce ba a taɓa kira haka ba."

"Mama ta ce talatin da huɗu ne."

"Ashirin da takwas ne. Takardar wasan tana hannuna. Malam Issouf, wanda ya yi alƙalancin wasan, shi ya ba ni."

"Ta ce in ba ka gyara ba babu Asabar."

"Wasa take yi."

"Ka taɓa ganin Mama tana wasa? Almoustapha, ka ce talatin da huɗu a wuce wurin."

"Shamsi, ni ɗan jarida ne. Ba zan faɗa wa mutane abin da ba ni da shaidarsa ba."

"Aurena kake so ko takardar Malam Issouf?"

Na ga yana rubutu, ya goge, ya sake rubutu, ya goge. Bayan minti biyar ga abin da ya turo: "Duka biyun."

Na kifa wayar a kan katifa. Ku gaya mini, wa ya aike shi? Akwai maza masu kawo turare, akwai masu kawo atamfa. Nawa ya je ya tono takardar da ta girme ni da shekara tara.

Alhamis a farmasi ban huta ba. Mai sayen maganin mura sai ya tsaya ya ce, "Ke ce ɗiyar Kadi Bahaguwa?" Wata tsohuwa ta leƙo, ba ta sayi komai ba, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ba ki kai ta ba," ta fita. A rukunin WhatsApp na ƙungiyarmu an haɗa hotona da na Mama cikin hijabinta na Makka, an rubuta a zaɓi ɗaya. Nafisa kuma tana ta turo mini saƙon murya, wai dubulan ya cika roba biyu, ta ci gaba ko ta dakata?

Da na dawo na tarar da Mama a ɗakinta, ta buɗe tsohon akwatinta na ƙarfe. Ƙamshin turaren wuta ya cika ɗakin. Ta miƙo mini wani hoto da gefensa ya fara cinyewa. 'Yan mata goma sha biyu, da ƙananan kitso, da siket har gwiwa. A tsakiya wata siririya ta ɗaga kofi sama, bakinta a buɗe tana ihu. Na daɗe ina kallo kafin in yarda Mamata ce.

"Dubi lambar da ke ƙirjina," ta ce.

"Bakwai."

"Lambata huɗu ce. Bayan hutun rabi wata ƙatuwa 'yar Ƙonni ta ja mini riga ta yage har ƙasa. Ba mu da wata. Sai anka ciro ta Fatima anka ba ni, ga ta nan gefe, kin ga hannunta da bandeji? Ba ta taɓa ƙwallo ba ranan nan. Sau uku nij jefa kafin mai rubutu ya farga, duka ya zuba ma lamba bakwai."

"To Mama, bari in ɗauki hoton in tura masa, magana ta ƙare."

Ta fizge hoton. "Da bakinshi yaf faɗa ma gari. Ya zo da ƙafarshi."

Na ce a raina, ya Allah, ka haɗa ni da masu taurin kai biyu. Na buɗe baki zan yi magana, sai na ga yadda take shafa hoton da babban yatsa.

"Bayan wasan ga da sati biyu takarda ta zo daga Yamai," ta ce, ba ta dube ni ba. "Suna son in zo a gwada ni. Lokacin an sa ranarmu da babanki. Ba wanda yat tilasta mini, ina son shi. Bai hana ni ba. Ban tambaya ba, shi ma bai tambaya ba. Haka munka yi shiru har yau. Wasan ga shi ne na ƙarshe da nib buga, Shamsiya. In za a faɗe shi, a faɗe shi daidai."

Na fita na rubuta masa: "Gobe bayan Juma'a ka zo gida. Ka taho da takardarka." Ya ce to.

Juma'a na sa doguwar rigata mai ruwan zuma da farin mayafi, ban ko shafa hoda ba don haushi. Ƙarfe uku ya yi sallama. Ya sha farar shadda da hula, leda a hannu ɗaya cike da kilishi da cuku, ɗaya hannun kuma ambulan. Ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya durƙusa can nesa kansa a ƙasa. A al'ada Mama ba za ta zauna gaba da gaba da mai neman ɗiyarta ba, gaisuwa ce daga bayan labule. Yau kuwa kujera ta sa a tsakar gida, ta zauna kamar mai shari'a. Baba yana gefe yana haɗa shayi, wai shi ɗan kallo ne.

"Kawo takardar."

Ya miƙa da hannu biyu. Ta sa tabarau ta bi layi da yatsa.

"Lamba bakwai, maki nawa?"

"Shida, Hajiya."

Ta ajiye masa hoton a kan tabarma. "Wa ke sanye da bakwai? Kuma dubi hannun mai rigar, Fatima, ga ta nan gefe da bandeji."

Ya ɗauki hoton ya kawo kusa da ido. Ya dubi takarda, ya sake duban hoto. Na ga gumi ya tsattsafo masa a goshi. Abin da ya sa nake son bawan Allahn nan ke nan, duk da yana neman kashe ni da hawan jini: in ya ga gaskiya ba ya kwana-kwana.

"Hajiya, na yi kuskure. Talatin da huɗu ne. Ba zan jira Laraba ba, gobe a labaran safe zan gyara, da bakina. Ki gafarce ni, ya kamata in zo in tambaye ki tun farko."

"Ya kamata," ta ce.

Ya ɗan ɗago kai. Ɗan jarida dai ba ya tuba. "To Hajiya, a ganinki wa ta fi?"

Na harare shi har idona ya yi zafi. Amma Mama ta gyara zama.

"Daga nesa ta fi ni, ban taɓa jifa irin nata ba. Amma hagunta matacce ne, kowa ya sani, shi ya sa abokan gaba ka tura ta ɓangaren hagu. Kuma in anka buge ta sau biyu sai ta bar shiga ƙarƙashin kwando. Ni sai da anka yaga mini riga."

"Mama! A ina kika ga wasana?"

"Nafisa na turo mini bidiyo."

Shekara shida ina zaton matar nan ba ta damu ba. Na rasa ko in yi kuka ko in yi fushi. Baba ya miƙa wa Almoustapha kofin shayi, na sauke ajiyar zuciya, na ce a raina an gama, Asabar ta tsira.

Sai Mama ta ce, "Saura tambaya guda. In an ɗaura, za ta ci gaba da bugawa?"

Na yi murmushi, don na san amsar. Mutumin da bai taɓa fashin wasana ba, mai tsayawa bakin fili yana ihu har muryarsa ta dishe. Na juya ina jiran ya ce ƙwarai kuwa.

Bai ce ba. Ya ajiye kofin a hankali.

"Hajiya... ni ba ni da matsala. Sai dai Kawu ya yi maganar."

"Mi yac ce?"

"Ya ce matar aure ba ta tsalle gaban maza. Sai na ce masa... na ce masa bana ce shekararta ta ƙarshe."



"Yaushe ka gaya masa haka?" Muryata ce, amma kamar ta wata.

"Wata biyu ke nan. Shamsi, don ya yarda ya zo ne. Na ce in an ɗaura sai mu lallaɓa shi a hankali."

"Wata biyu. Ka je ka nemo Malam Issouf, ka tono takardar shekara talatin, ka tambayi gari duka wa ta fi jefawa. Ni ce kaɗai ba ka tambaya ba ko na gama."

"Ba haka nake nufi ba..."

"Shekaranjiya ka ce mini ba ka faɗin abin da ba ka da shaidarsa. Wa ya ba ka shaidar wannan?"

Ya sunkuyar da kai. Baba ya daina dariya tun ɗazu, yana kallon gawayi, ko sau ɗaya bai dubi inda Mama take ba.

Daidai lokacin aka yi ta buga ƙaho a ƙofar gida. Baffannina ne daga Barmu, sun iso saboda zaman gobe, mota cike da buhun gero da zabi a ɗaure suna ta kuka. Baba ya miƙe, ya yi taku biyu, ya tsaya ya juyo.

"Shamsiya, in ce su sauke kaya?"

Ban taɓa jin Baba ya tambaye ni irin wannan ba.

"Su sauke, Baba, sun sha hanya. Amma kada a shimfiɗa tabarmar baƙi gobe sai Almoustapha ya koma wurin kawunsa ya gyara wannan ma. Yau, ba bayan aure ba."

Na shiga ɗaki na cire rigar zuma, na sa dogon wandona na wasa da hijabi, na rataya jaka. Na gaida baffannina a zaure, suna tambayar ina amarya za ta da yamma haka, na ce atisaye. Almoustapha ya riga ya fita, ko ledar kilishin bai tsaya an buɗe ba.

A fili na huce haushina a kan kwando. Na ce wa mai horar da mu yau da hagu kaɗai zan jefa. Cikin ashirin, huɗu suka shiga. Mama ta yi gaskiya, abin ya ƙara ba ni haushi. Duk bayan jifa biyar sai in leƙa waya. Babu saƙo, babu kira. Awa ɗaya, awa ɗaya da rabi.

Rana ta fara ja ina ɗaure igiyar takalmi, wayar ta yi ƙara. Lamba ce da ban sani ba. Na ɗauka ina haki.

"Salamu alaikum. Shamsiya ce?" Murya ce ta dattijo, mai kauri.

"Ni ce. Wa ke magana?"

"Alhaji Baƙo ne, kawun Almoustapha. Yaron ga ya zo mini da wata magana, nic ce ba ni yanke komai sai na gani da idona. Ina cikin farar mota bakin filinku tun ɗazu."

Na juya a hankali. Ga motar can ƙarƙashin bishiya, gilashi a sauke, farin rawani a ciki.

"An ce mini kin fi kowa jefawa a garin ga," ya ci gaba. "Ni kuwa na ƙirga, cikin jifa ashirin, huɗu kinka saka. Ɗauki ƙwallon ki koma, ɗiyata. Ban tafi ba tukuna."